Sabuwar Filasta A Kan Tsohon Fenti: Amsa Ga Mai Tambaya Daga Malikanci

Yau wasiƙa guda ce za ta ci mana mafi yawan lokaci, domin abin da ke cikinta ya shafi dukiya, ya kuma shafi lafiyar iyali, ga shi kuma ba mutum ɗaya ne ya aiko da irinta ba.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke Malikanci ta ƙasar Ikara, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce shekara 12 ke nan da ya gina ɗakuna uku da zaure da bulo, aka yi musu filasta aka shafa fenti, tun daga lokacin kuma sau biyu ana sake fentin. Yanzu bangon da ke kallon gabas ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa, ga tsage-tsage, daga ƙasa kuma filastar ta fara zuba. Ya sayar da rake ya ware kuɗi domin ya gyara gidan kafin bikin ɗansa. Ya kira magina biyu. Na farko ya ce aikin kwana biyu ne, a kawo siminti da yashi kawai ya shafe bangon a kan fentin, ya fito sabo fil. Na biyu ya ce shi ba zai ɗora filasta a kan fenti ba, sai an sassare bangon an wanke shi tukuna, kuma kuɗin aikin da ya yanka ya kusa ninka na farko. Shi ne yake tambaya, wanne ne a cikinsu mai gaskiya, wanne ne kuma yake so ya ci kuɗinsa.

To, Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sanya alheri a bikin. Mun kai tambayarka ga magina da suka daɗe a sana'ar, da kuma waɗanda suka karanci fannin gini, bakinsu kuwa ya zo ɗaya: magini na biyu shi ne a kan hanya. Ba mu ce na farkon macuci ba ne, watakila haka ya ga ana yi. Amma aikin da ya ce zai yi maka, ranar biki zai yi kyau, bayan damina ɗaya ko biyu kuma sai ka sake sayar da wani raken.

Ga dalili. Ita filasta ba gam ba ce. Hanya biyu take bi ta kama bango. Ta farko, fuskar bulo ko tsohuwar filasta tana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani sosai. Idan magini ya watsa kwaɓaɓɓen siminti, bangon yakan tsotsi ruwan simintin ya shige cikin waɗannan ƙofofi, in ya sandare a ciki sai ya zama kamar saiwoyi. Ta biyu kuwa kaushin bangon ne, watau 'yan ramuka da tudu-tudun da filastar za ta maƙale a jikinsu. Shi kuwa fenti, aikin da aka yi shi dominsa ke nan, ya toshe waɗannan ƙofofi don kada ruwa ya shiga, ya kuma mai da bango sumul. Ka ga duk abin da filasta take nema, fenti ya riga ya kawar da shi. Iyayenmu mata sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa ba sa ƙunsa lalle a hannun da aka shafa wa mai.

Saboda haka in an ɗora filasta a kan fenti, ba bango ta kama ba, fentin ta kama. Shi kuma fentin, kai da kanka ka ce ɓarewa yake yi. Hawa uku ne a jikin bangonka, kowanne yana riƙe da na ƙarƙashinsa, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara saki, ya tafi da duk abin da ke kansa.

Mutane da yawa ba su san nauyin filasta ba, domin a jikin bango suke ganinta. Kaurinta na yau da kullum rabin inci ne ko ɗan fiye, watau milimita 12 zuwa 15. Bangon da ke da tsawon ƙafa 30 da tsayin ƙafa 10, filastarsa takan kai kilo 800 ko kusa da haka. Nauyin buhun masara 8 ke nan, aka rataya shi a jikin ɓawon fentin da bai fi takarda kauri ba. Kuma in za ta saki ba ta zubowa kaɗan-kaɗan kamar yaɓen ƙasa, falle guda take ɓallowa. A nan ne maganar ta wuce ta kuɗi. Kowa ya san a ƙasarmu gindin bangon gabas nan ne wurin shan hantsi da sanyi. Nan tsofaffi suke shimfiɗa tabarma, nan yara suke zama da kokonsu. Ɓallen siminti mai faɗin faifai ya isa ya fasa kan yaro.

Ba banza ba kuma bangon gabas ne ya fara lalacewa a gidanka. A nan arewa hadari daga gabas yake tasowa, iska ta koro ruwan ta maka shi a wannan bango, gari na wayewa kuma rana ta fara da shi. Jiƙa da bushewa, zafi da sanyi, shekara da shekaru. Magina na da sun san haka, shi ya sa bangon gabas ne suke fara kula da shi kafin damina.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, akwai binciken da za ka yi da kanka, ba ya cin ko kwabo. Ka ɗauki ƙotar guduma ko babban mabuɗi, ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa, taki ɗaya-ɗaya, sama da ƙasa. Inda filasta take manne da bulo za ka ji ƙara a dunƙule. Inda ta rabu da shi kuwa za ka ji amo kamar an bugi ƙwarya. Duk inda ka ji wannan amo ka zagaye shi da gawayi. Wannan wurin ba sassara yake so ba, ɓanɓarewa za a yi har sai an ga bulo.

Sa'an nan ka goga tafin hannunka a jikin fentin. In ya fito da gari kamar ka taɓa alli, fentin ya mutu. Ka ɗauki reza ka yi 'yan zane-zane a giciye, ka manna salatif a kai, ka danne, ka fizge. In ya fito da ɓawon fenti, ka ga abin da sabuwar filasta za ta riƙe ke nan. Daga nan ka watsa ruwa kofi guda. In bangon ya sha ruwan ya yi duhu, akwai sauran ƙofofi, galibi farar ƙasa ce ko fentin ruwa da ya tsufa. In kuwa ruwan ya gangaro bai bar alama ba, fentin mai ne, shi ne kuma mafi taurin kai a wannan aiki.

Abin da wannan bincike zai nuna maka yana iya rage maka kashe kuɗi ƙwarai, kuma wannan ne abin da ko maginin na biyu bai faɗa maka ba. Mai yiwuwa ne ka tarar kashi uku cikin huɗu na bangon lafiyarsa lau, fenti ne kawai ya gaji. To, bangon da filastarsa take da ƙarfi ba ya bukatar wata filasta a kai. A kankare mataccen fentin, a wanke gansakukar da ta sa shi baƙi, a buɗe tsagar da ta yi faɗi a cike ta, a yi faci a wuraren da aka ɓanɓare, a sake fenti, shi ke nan. Da farashin siminti yadda ya zama, wanda a shekarar 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, ba ƙaramin sauƙi ba ne mutum ya gane buhu biyu zai ishe shi maimakon goma.

Haka kuma, ka nemi abin da ya lalata gindin bangon tun farko, domin ka ce daga ƙasa filastar take zuba. Filasta ba ta ruɓewa haka kawai, ruwa ne. Ko dai bakin kwanon rufi ya yi gajere ruwa yana sauka a gindin bango yana fantsama, ko indararo ya karye, ko makwararar wanka tana bin jikin ginin, ko an tara ƙasa da shara a gindinsa har danshi yana hawa. In ka ga wani farin abu kamar kanwa yana tsatsafowa, danshi ne yake hawowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, in ya bushe gishirin ya kumbura ya ture filasta. Manoma kuma a kula da jingina buhunan takin zamani a jikin bango, domin wani irin takin in ya ji danshi yana cin siminti. In ba a tare ruwan nan ba, ko wane gwani aka kawo aikin banza zai yi. A gyara magudana, a ɗaga ɗan dakali a gindin bangon mai gangara zuwa waje, sa'an nan a zo maganar shafe.

To, a ce ka bincika ka ga lalle sai an sake shafe bangon gaba ɗaya, ko don ya yi tudu da kwari, ko don facin ya yi yawa. Ga yadda aikin yake tafiya.

Mafi inganci shi ne a raba bangon da fentin. In farar ƙasa ce ko fentin ruwa, a jiƙa shi a bi shi da makankari da burushin waya, yakan fita ba da wahala sosai ba. Farar ƙasa kam dole ta fita duka, domin gari ce, ba abin da ke zama a kanta. In fentin mai ne, a nan ake shan wuya. Ana bin bangon da guduma da ƙarfe mai baki, ko tsohon gatari, ana sara ana fitar da fentin tare da fatar tsohuwar filasta. Abin da wasu leburori suke yi, su ɗan caccaki bango nan da can, sara ɗaya a nan wani a can kamu guda, wannan ba sassara ba ce, cika ido ne. Saran ya kasance kusa da kusa, ta yadda in ka ɗora yatsu biyu ko'ina sai sun taɓa wurin da aka sara, in ka ja baya ka duba kuma launin siminti ya rinjayi launin fenti nesa ba kusa ba.

A nan zan ɗan tsaya in ja kunne. Fentin mai, musamman na da, kuma musamman ja da rawaya da kore, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Ba mu manta da abin da ya faru a jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Waccan daga dutsen zinariya ta fito da ake daka shi a cikin gidaje, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ta hanyar ƙura take shiga jikin yaro ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Don haka kada a ƙona fenti da wuta don ya yi saurin fita, kada kuma a gurje shi a bushe da injin masu walda ƙura ta cika gida. A riƙa yayyafa ruwa ana kankarewa. A shimfiɗa leda a gindin bangon ta tare ɓawon, a kwashe a kai nesa da rijiya da inda kaji suke kiwo. Yara da masu juna biyu su nisanci wurin, mai aikin kuma ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Bayan an gama sara sai a share a wanke bangon sosai, domin ƙurar da sara ta bari ita ma tana hana kamu kamar yadda fenti yake hanawa. Daga nan sai abin da yawancin masu gaggawa suke tsallakewa, watau watsin farko. Ana kwaɓa siminti awo ɗaya da yashi mai kaushi awo biyu, da ruwa-ruwa kamar kunu mai kauri. A jiƙa bangon ya yi danshi, ba sharkaf ba, sai a riƙa watsa kwaɓin da ƙarfi har ya rufe ko'ina, a bar shi da ƙurajensa, kada a shafe shi ko kaɗan. A yi ta ba shi ruwa kwana biyu ko uku har sai ka kasa ɓare shi da farce. Waɗannan ƙuraje su ne haƙoran da sabuwar filasta za ta ciza.

Akwai wani ruwa fari kamar madara da ake sayarwa a shagunan kayan gini a Zariya da Kano, wanda ake zubawa a cikin wannan kwaɓi don ƙara masa kamu. Yana da amfani, amma a tabbata wanda aka yi domin siminti ne kuma domin waje, a bi abin da aka rubuta a jikin galan ɗin. Farin gam na kafintoci ba na wannan aiki ba ne, da ya ji danshi yake saki. Kuma kada wani ya ce maka tunda an zuba maganin ba sai an kankare ba. Maganin zai manna filasta a jikin fenti da kyau, amma ba zai manna mataccen fenti a jikin bango ba.

Idan fentin ya ƙi fita ko ta ƙaƙa, akwai hanya ta uku. Ana shimfiɗa ragar waya a jikin bangon, a kafe ta da ƙusoshin kankare kusa da kusa, ƙusoshin su ratsa tsohuwar filasta su shiga bulo. Nauyin sabuwar filasta sai ya koma kan raga da ƙusa, ba kan fenti ba. Sai dai raga da ƙusa kuɗi ne, kuma a nemi wadda ba ta saurin tsatsa, domin tsatsa in ta kumbura a ciki ita ma fasa filasta take yi.

Wajen kwaɓin filastar kanta, magina a ƙasar nan suna lissafa buhun siminti mai kilo 50 a matsayin kwanon sarki biyu. Na bangon waje, buhu ɗaya yana ɗaukar yashi kwano 8 zuwa 10. Wanda ya kai shi kwano 14 ko 16 don tsimi, ya shafa yashi ne kawai. Wanda kuma ya cika siminti yana ganin ƙarfi yake ƙarawa, shi ma ya yi kuskure, domin kwaɓin da siminti ya yi masa yawa yakan tsuke in yana bushewa, ya tsattsage, har ya fizgo tsohuwar filastar da ke bayansa. Ƙa'idar ita ce kada na sama ya fi na ƙasa ƙarfi. Bangon nan mai ƙafa 30 da muka yi misali da shi, buhu 5 ko kusa da haka zai ci har da na watsin farko, in ba shi da ramuka masu zurfi. Inda rami ya yi zurfi a cike shi hawa biyu, a bar na farko ya kwana, kada a lafta masa gaba ɗaya.

Yashin ma a duba shi. Na bakin hanya da na gefen fadama sau da yawa rabinsa laka ce. Ka zuba shi a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta kai kashi ɗaya cikin goma, a nemi wani. Kwaɓin da ya wuce awa ɗaya a ƙasa ya fara sandarewa kuma, kada a ƙara masa ruwa a ce za a farfaɗo da shi.

Ni dai shawarata, Malam, kada ka tsaya gardama da kowane magini. Ka ce kowannensu ya yi maka gwaji a jikin bangon, faɗin tabarmar salla, kowa ta hanyarsa. A ba su ruwa tare. Bayan mako biyu ka zo da ƙotar gudumarka ka ƙwanƙwasa, sa'an nan ka sa baki a gefe ka gwada ɓanɓarewa. Wanda aka ɗora a kan fenti zai fito falle guda, ka ga launin fentin manne a bayansa. Bangon da kansa zai raba gardamar.

Wajen ciniki kuma, in jinga za ka bayar, ka raba ta biyu: kuɗin sara da wanki daban, kuɗin shafe daban. Dalili kuwa, sara ita ce aikin da ya fi wahala, ita ce kuma wadda ba mai ganinta da zarar filasta ta rufe, to ka ga in an haɗa su a jinga ɗaya, ita za a fara yi wa ha'inci. Ka gani da idonka kafin a rufe. Amma mu ma masu gida mu ji tsoron Allah. Sau da yawa mu ne muke matse magini, mu ba shi buhu uku a aikin buhu biyar, mu ce gobe muke so a gama, in ya zube kuma mu bi gari da sunansa.

Saura maganar biki, tunda ba ka faɗa mana saura kwana nawa ba. Sabuwar filasta tana son ruwa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla, kuma ba a shafa mata fenti sai ta yi kamar mako huɗu, domin siminti sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, ɗanyensa kuma yana da kaifi irin na toka da ke cin fenti, balle na mai. In saura wata biyu, kana da lokaci. In saura mako biyu, ka ɓanɓare duk inda ya yi amon ƙwarya tun yanzu saboda taron da za a yi a gindin bangon, ka yi faci, ka bar babban aikin sai an watse. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma 'yan biki tuwo za su tambaya, ba bango ba.

Wannan ya kawo mu ga wata wasiƙa mai kama da ita daga Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan. Shi wannan bawan Allah gidan gado ne na ƙasa, mahaifinsu ya yi masa filastar siminti aka shafa fenti, yanzu ta kumbura ta yi ciki a wurare, yana tambaya ko ya ƙara wata a kai don ta danne.

A'a, Malam, kada ka ƙara. Naka ya fi na mutumin Malikanci haɗari. Ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Ƙasa tana kumbura in ta ji danshi, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa a sandare yake, don haka dole wata rana ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, siminti da fenti su hana shi fita, ƙasar da ke ciki ta yi ta jiƙa tana narkewa, gara ta samu wurin ɓuya, kai kuwa daga waje kana ganin fenti lafiya lau. Cikin nan da ka ga ta yi, alama ce ta rabu da bangon, tsaye kawai take. Ka ɓanɓare ta da rani, ka bar bangon ya sha iska, ka cike inda ya zaizaye da irin ƙasar da aka gina shi da ita.

Shi siminti baƙo ne a gininmu. A shekarar 1824 wani magini a Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar irin wanda muke amfani da shi, a arewa kuwa sai a 1967 masana'antar Sakkwato ta fara fitar da shi, ta Ashaka kuma a 1979. Kafin nan da me ake kare bango? Da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna korar ruwan sama amma suna barin bango ya yi numfashi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa aka yi shi, ya kuma haura shekara ɗari a tsaye kafin a kewaye shi da ginin zamani. A ƙasar Mali, babban masallacin Jenne duk shekara mutanen gari suke fitowa su sake yaɓe shi da ƙasa. Na garin Mopti kuwa an taɓa shafa wa samansa siminti a 1978 da nufin a huta da yaɓe, amma da aka zo babban gyara tsakanin 2004 da 2006 sai da aka ɓanɓare simintin aka koma wa ƙasa, saboda ɓarnar da ya yi wa ginin.

Na san abin da za ka ce: yanzu wa zai yaɓe gidansa da makuba a yi masa dariya, ina ma masu haɗa ta? Gaskiya ne sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba, in ka tambayi tsofaffin magina a ƙauyukanku za a nuna maka. In kuwa ka nace sai siminti, to a kafa ƙusoshi ko a dasa ƙananan duwatsu a jikin bangon, a ɗaura ragar waya, a yi kwaɓi mai sauƙin siminti, buhu ɗaya yashi kwano 12, a tsawaita bakin rufi ya kare bangon, kuma a bar fentin mai, a shafa farar ƙasa. Duk da haka ka sa a ranka cewa aikin 'yan shekaru ne, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ka bi shi da ƙwanƙwasa kana toshe tsaga.

Ta ƙarshe a yau gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Maƙarfi. Ta ce an yi wa katangarsu filasta a watan Janairu, ba a yi mako ba ta yi tsaga ƙanana kamar gidan gizo-gizo, in an goga hannu kuma yashi yana zuba. Hajiya, hunturu ne ya sha ruwanta. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ne yake haɗuwa da shi ya mai da shi dutse, in iska ta kwashe ruwan kafin ya gama aikinsa sai ya tsaya a nan, ba ya ƙara ƙarfi. Tsagar gizo-gizo kaɗai ba ta da haɗari in wurin bai yi amon ƙwarya ba, fenti zai rufe ta. Amma inda yashi yake zuba a hannu ya riga ya ƙone, sai an kankare an sake. A ƙasar Zazzau lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bayan ɗaukewar ruwa da 'yan makonni, wajen watan Nuwamba, bango ya bushe, rijiyoyi da sauran ruwa, iska kuma ba ta yi tsanani ba. In dole sai cikin hunturu ko bazara, a yi aikin da sassafe ko a ɓangaren da ke inuwa, a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a jikin bangon, a sa yaro guda aikinsa ke nan ba shi ruwa, sau uku ko huɗu a yini.

Jama'a, agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Sauran wasiƙun da ke gabanmu, har da ta mai tambaya a kan gara da ke cin azara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.